Marubucin da ya maƙale a ƙasar waje: yaya ake nuna abin da ke cikin ransa a fim?

Tambayarka, a taƙaice, ita ce wannan: ka rubuta labarin fim a kan wani marubuci da ya tafi wata ƙasa da niyyar ƙarasa littafinsa, guzurinsa ya ƙare, wa'adin takardunsa ya wuce, ya kasa komawa gida kuma ya kasa rubutun da ya kai shi. Waɗanda ka ba su karanta sun ce maka babu abin da ke faruwa a labarin, kai kuwa kana ganin abubuwa da yawa suna faruwa, sai dai a cikin zuciyar mutumin suke, kuma kana neman hanyar da za ka fito da su gaban kyamara ba tare da ka cika fim ɗin da muryar bayan fage ba, wato muryar da ake ji tana ba da labari a kan hoton ba tare da an ga mai maganar yana furta ta ba. Na daɗe ina koyar da rubutun fim, ina kuma duba rubutun wasu kafin a fita ɗauka, kuma irin wannan labari yana cikin waɗanda suka fi yawan zuwa hannuna, wataƙila domin kowane marubuci yana ganin babu ciwon da ya sani kamar na marubuci.

Zan fara da abin da ba za ka so ji ba: masu karatun nan sun fi ka gaskiya. Rubutu aiki ne da kyamara ba ta iya ɗauka. Idan ka zaunar da gwanin marubuci da wanda bai iya komai ba a gaban tebur, ka ɗauki kowannensu na minti biyar, hoto iri ɗaya za ka samu, mutum zaune yana motsa yatsu. Rashin rubutu kuwa ya fi wannan muni, domin ko motsin yatsun babu. Shi ya sa masu irin wannan fim suke faɗawa cikin hotunan da kowa ya gaji da gani: takardar da aka dunƙule aka jefa kwando, taba tana cin kanta a gefen tebur, mutum tsaye bakin taga yana kallon ruwan sama, farin allon kwamfuta da ɗan layin nan mai ƙiftawa. A al'adar wannan sana'a, shafi ɗaya na rubutun fim yana cin kusan minti ɗaya a allo, don haka labari mai shafi 100 yana neman ɗan kallo ya ba ka fiye da sa'a ɗaya da rabi daga rayuwarsa. Ka ƙirga shafukan da tauraronka yake zaune shi kaɗai ba ya neman komai a wurin kowa. Adadin da ka samu shi ne adadin mintunan da ka bar ɗan kallo babu abin riƙewa.

Abin da nake gaya wa duk wanda ya kawo mini irin wannan labari shi ne, mutumin da ya maƙale a ƙasar waje ƙofa biyu ce a rufe a gabansa. Ɗaya hukuma ce ta rufe ta, ko talauci, ko yaƙi; ɗayar shi ya rufe ta da hannunsa, kuma bai yarda ya san da ita ba. Ta farko ita ce ƙashin bayan fim ɗin, domin ana iya ganinta, ana iya ƙirga kwanakinta. Ta biyu ita ce dalilin da ya sa ake kiransa fim na nazarin zuciya. A yawancin rubutun da ke zuwa mini, ƙofar farko hazo ce kawai, ta biyu kuma tauraron ya bayyana ta da bakinsa tun a shafi na goma, alhali akasin haka ake so: ta farko ta fito ƙarara kamar rasit, ta biyu kuma ɗan kallo ya gano ta da kansa tun kafin tauraron ya gano.

Domin ka ga yadda ƙofar farko take aiki, ka dubi abin da ya faru a birnin Marseille na kudancin Faransa a 1940 da 1941, bayan sojojin Jamus sun mamaye arewacin ƙasar. Marubuta da masu zane da malaman jami'a da suka gudo daga mulkin Nazi sun taru a wannan birni na bakin teku suna neman hanyar barin Turai. Mai son tafiya yana bukatar bizar ƙasar da za ta karɓe shi, da bizar ratsawa ta Fotugal, da ta Sifaniya, da izinin fita daga gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa ta wancan lokaci, da kuma gurbi a jirgin ruwa. Kowace takarda tana da wa'adinta, kuma ba a ba da wata sai an nuna wata, saboda haka sau da yawa kafin ta ƙarshe ta fito, ta farko ta mutu, sai mutum ya koma bayan layi. Ɗan jaridar Amurka Varian Fry ya isa birnin a watan Agusta na 1940, ya yi kimanin wata goma sha uku yana kutsawa da mutane ta cikin wannan sarƙaƙiya, har ya fitar da kusan 2,000 kafin a kore shi. Ba kowa ya tsira ba. Masanin falsafa Walter Benjamin ya bi ta kan duwatsu da ƙafa ya shiga garin Portbou na Sifaniya a ƙarshen Satumba na 1940, yana riƙe da bizar Amurka da takardun ratsawa, amma ba shi da izinin fita daga Faransa; aka gaya masa za a mayar da shi, ya mutu a masaukinsa kafin a yi hakan, abokan tafiyarsa kuma daga baya aka bar su suka wuce.

Ba cewa nake yi ka mayar da labarinka zamanin yaƙi ba. Abin lura shi ne, takarda mai wa'adi agogo ce da ke bugawa a cikin labari ko da tauraro yana barci, kuma matuƙar kana da ita ba ka bukatar ƙirƙirar mugu. A yau ma haka abin yake. Wanda ya shiga ƙasashen yankin Schengen na Turai a matsayin ɗan ziyara kwana 90 yake da su a cikin kowane kwana 180, kuma wanda ya zarce wa'adinsa yakan ji tsoron filin jirgin sama fiye da ko'ina, domin a wurin fita ne ake gano shi, a ci shi tara ko a hana shi dawowa. Saboda haka kafin ka sake taɓa rubutunka, ka zauna ka amsa wa kanka: wace takarda ce ta mutu, a wace rana, wane ofishi ne ke sabunta ta, me ofishin yake nema wanda tauraron ba shi da shi, nawa ya rage a aljihunsa, kuma wa ke binsa bashi. Ba dole duk wannan ya fito a fim ba, amma idan kai ba ka sani ba, ɗan kallo zai ji a jikinsa cewa kiran waya ɗaya zai iya warware matsalar, daga nan kuma ya daina tausaya wa mutumin.

Ga misalin fitowa guda. Tauraronka yana ofishin shige da fice, ya ja lamba tun da sassafe, tasa 84, allon bango yana nuna 61. Da layi ya iso kansa aka turo masa fom ta ƙasan gilashi. Suna, ya rubuta. Ranar haihuwa, ya rubuta. Ya iso gurbin da aka ce sana'a, sai biron ya tsaya. Kyamara tana kan hannunsa. Ya rubuta haruffa biyu na farkon kalmar marubuci, ya dakata, ya saci kallon fom ɗin mutumin da ke taga ta kusa, wanda ya rubuta makaniki ba tare da ko tunani ba, sannan ya soke abin da ya fara. Ma'aikaciyar ta ƙwanƙwasa gilashi da farce, ta nuna masa da yatsa cewa ba a karɓar fom mai gyara, ta turo masa sabo, ta kira 85. A cikin minti ɗaya da rabi, ba tare da ya furta kalma ba, ɗan kallo ya san mutumin ya daina yarda da sunan da yake kiran kansa, kuma wannan shakka ta ciki ita ce ta jawo masa asarar yini guda a gaban hukuma. Haka ake so ƙofofin biyu su riƙa taɓa juna a cikin fitowa ɗaya.

Ƙofa ta biyu ita ce ta fi wuyar rubutawa, kuma misalin da nake yawan kawowa a aji ba na marubucin littattafai ba ne. Mehran Karimi Nasseri, ɗan ƙasar Iran, ya zauna a cikin filin jirgin sama na Charles de Gaulle da ke Paris daga 1988 zuwa 2006, da farko domin ba shi da takardun da za su ba shi damar shiga Faransa ko wucewa wata ƙasa. A 1999 aka samar masa takardun da zai iya barin wurin da su, ya ƙi sa hannu, domin sun kira shi ɗan Iran kuma ba sa ɗauke da sunan da ya raɗa wa kansa. Ya ci gaba da zama a kan bencinsa tare da kayansa, yana rubuta abin da ya faru kowace rana, har rashin lafiya ta sa aka kai shi asibiti. A 2022 ya koma filin jirgin, a can kuma ya rasu a watan Nuwamba. Ba ni da hurumin yanke hukunci a kan abin da ke ran bawan Allah nan, amma lissafin a fili yake: shekara goma sha ɗaya takarda ce ta riƙe shi, shekara bakwai kuma ƙofa a buɗe take.

A wurin marubuci, abin da ke riƙe wannan ƙofa galibi kunya ce. Ya bar gida da alkawari, an yi masa rakiya, wataƙila ya karɓi kafin alƙalami daga mawallafi ya cinye, kuma akwai waɗanda suke faɗa wa mutane cewa nasu yana can yana rubuta littafi. Muddin yana maƙale, shi marubuci ne da yanayi ya hana aiki. Ranar da ya sauka gida, ya zama mutumin da ya tafi ya dawo hannu rabbana. Ke nan matsalar da yake kuka da ita tana rufa masa asiri, kuma a ƙasan zuciyarsa ba ya son a warware ta. Kada ka bar shi ya faɗi wannan. Ka sa ƙanwarsa ta kira shi a waya, ta ce, “Yaya, littafin fa?” ya ce, “Saura babi ɗaya,” alhali ɗan kallo yana ganin ɗayan hannun nasa yana naɗe wayar cajin kwamfutar da zai kai kasuwa ya sayar. Sai ta ce, “Mun haɗa kuɗin tikiti, Yaya, ka turo mana inda za mu saka.” Ya yi shiru, ya nisanta wayar daga bakinsa, ya ce ba ya jin ta sosai, zai kira gobe. Daga wannan lokaci ɗan kallo ya riga tauraron sanin gaskiya, kuma duk kukan da zai yi da ofishin shige da fice bayan nan, da kunne biyu za a saurare shi.

Akwai kuma kuskuren ɗauka cewa matalaucin marubuci mutum ne mai zaman kashe wando. Talauci a baƙuwar ƙasa cike yake da zirga-zirga. Marubucin Rasha Dostoyevski ya bar ƙasarsa da amaryarsa Anna a 1867, masu binsa bashi suna kansa, da niyyar yin 'yan watanni, ba su koma ba sai 1871. A cikin waɗannan shekaru huɗu sun yi ta sauya gari tsakanin Jamus da Suwizalan da Italiya. Ya yi caca a garin Baden-Baden na Jamus har suka kai kayan adon matar da tufafinsu jingina. Ya yi ta aika wa mawallafinsa wasiƙu yana roƙon ƙarin kafin alƙalami a kan aikin da bai gama ba. Ya watsar da rubutun da ya yi watanni yana fama da shi ya soma daga farko. 'Yarsu ta fari ta rasu a Geneva a 1868 tana 'yar wata uku. Yana yawan kukan cewa nisa da Rasha yana raba shi da abin da yake rubutu a kai, shi ya sa yake bin jaridun ƙasarsa duk inda ya same su. Kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan fitowa ce da kyamara za ta iya ɗauka: shagon jingina da cinikin da ake yi a cikinsa, gidan waya da tambayar ko saƙon kuɗi ya iso, ɗakin karatu da jaridar da ta kwana biyu a hanya. Ka kuma lura ba shi kaɗai ba ne a ɗakin. Matarsa tana nan tana ƙirga abin da ya rage, tana rubuta abin da ya faru a kundinta, kuma mutum na biyu a ɗaki ya fi madubi amfani nesa ba kusa ba, duk da irin son da marubutan fim suke yi wa madubi.

Game da abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwarsa, shawarata ita ce ka taka a hankali, domin nan ne aka fi yin ganganci. Masanin al'adun ɗan Adam Kalervo Oberg, a wata lacca da ya gabatar a Rio de Janeiro a 1954, ya bayyana yadda baƙo yake farawa da ɗoki da sha'awar komai, sannan ya koma jin haushin ƙasar da mutanenta, kafin ya fara sabawa. Masu bincike na baya sun nuna ba kowa ke bin wannan jeri ba, amma mataki na biyu yana da amfani gare ka, domin alamominsa ƙanana ne kuma ido yana ganinsu: fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba, zargin cewa kowa yana cutarsa a ciniki, tsantseni mai yawa a kan ruwan sha da wanke hannu. A 2002 likitan ƙwaƙwalwa Joseba Achotegui na Barcelona ya bayyana wani yanayi da yake gani a wurin baƙin da suke fama da kaɗaici da tsoro da rashin takardu, mai zuwa da rashin barci da ciwon kai da yawan tunani da ruɗewa, ya kuma dage a kan cewa wannan ba taɓin hankali ba ne, lafiyayyen mutum ne aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinsa. Wannan bambanci nake so ka riƙe. Idan tauraronka ya fara gane-gane a shafi na ashirin, ɗan kallo zai ja da baya ya zama likita mai duba majiyyaci. Idan kuwa ya ga mutumin yana rasa barci dare bayan dare, yana manta ko ya ci abinci, yana rikita ranakun mako har ya yi sammako zuwa ofis ranar da ba a buɗewa, zai bi shi har inda hankali ya fara rawa, domin kowane mataki ya san irinsa a jikinsa. Ina kuma roƙonka ka guji ƙarshen nan da ake bayyana cewa duk abin da aka gani a cikin kansa ya faru, ko kuwa littafin da yake rubutawa ne muke kallo tun farko. Dabara ce da ta tsufa, kuma tana mayar da duk tausayin da ɗan kallo ya kashe ya zama asara.

Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma a fim rabin amsa fuska take bayarwa. A wajajen 1920 mai shirya fim ɗan Rasha Lev Kuleshov ya yi gwajin da har yau ake koyarwa: ya ɗauki hoton fuskar wani ɗan wasa wadda ba ta nuna komai, ya haɗa shi da hoton kwanon miya, sannan da na akwatin gawa, sannan da na yarinya tana wasa, kuma kamar yadda aka ruwaito, masu kallo sun yaba yadda ɗan wasan ya sauya yanayi a kowane wuri, alhali hoto ɗaya ne aka maimaita. Ma'anar wannan gare ka ita ce, kada ka rubuta cewa fuskarsa ta nuna nadama mai zurfi, domin babu ɗan wasan da ya san yadda zai yi da wannan umarni. Ka rubuta abin da yake kallo. Littafin makaranta na jikar mai gidan da yake haya, a buɗe a kan teburin kicin, an cika shi da rubutu har gefe, ya isa. Ɗan kallo zai zuba nadamar da kansa.

Makami na gaba shi ne maimaici mai ɗan sauyi. Rayuwar wanda ya maƙale zagaye ce, kuma ba a auna lalacewar mutum sai an ga abu ɗaya sau uku ko huɗu. Ka zaɓi hanya guda, misali daga ɗakinsa zuwa ƙofar gida, inda dole ya wuce ta gaban ɗakin mai gidan. Karo na farko ya sauko da fara'a, ya gaishe ta da harshen garin da ya haddace a jirgi, ta gyara masa lafazi, suka yi dariya. Karo na biyu ya gaisa a gajarce, ta nuna masa kalanda ba tare da ta ɗago kai ba. Karo na uku ya tsaya a kan matakala yana jira ta shiga banɗaki kafin ya wuce, takalmansa a hannu. Masu shirya fim a Jamus a farkon shekarun 1920, lokacin da fim ba shi da murya, sun gina salo guda a kan irin wannan aiki, 'yan wasa kaɗan, ɗaki ɗaya ko biyu, rubutun bayani kaɗan ƙwarai, kuma sun nuna cewa ana iya bin rushewar mutum daga yadda yake tafiya.

Zancen faɗin allo da gilashin kyamara aikin darakta ne da mai ɗaukar hoto, ba zan daɗe a kansa ba. Ya isa ka san cewa matsattsen allo irin na tsofaffin finafinai yana mayar da ɗaki kurkuku, shimfiɗaɗɗe kuma yana mayar da mutum ɗigo a tsakiyar birni. Abin da ke hannunka kai mai rubutu shi ne harshe, kuma a labarin marubuci babu makamin da ya kai shi kaifi. Ka yanke shawara tun farko ko za a fassara maganar 'yan garin a ƙasan allo. Idan ka hana fassarar, ɗan kallo ya zama baƙo tare da tauraron, yana karanta fuskoki da sautin murya, yana zargin abin da ba a faɗa ba. Kana iya riƙa sakin fassarar kaɗan-kaɗan gwargwadon yadda yake koyon harshen. Kana kuma iya karya ƙa'idar sau ɗaya tak, ka ba ɗan kallo fassarar da tauraron bai samu ba, a lokacin da mai gidan take gaya wa maƙwabciyarta cewa tana tausayinsa, shi kuwa yana laɓe yana ɗauka zaginsa ake yi. Sai kuma harshensa na gida, wanda shi ne jarinsa. Ka sa ya nemi wata kalma mai sauƙi a tsakiyar jimla ta ƙi zuwa, ta ƙasar da yake ciki ta zo a maimakonta. Ka sa wata rana a cikin motar haya ya ji mutum biyu a bayansa suna hira da harshensa, karo na farko cikin makonni, jikinsa ya yi sanyi, ya kasa kunne har bakinsa yana motsi, amma da ɗayansu ya dube shi kamar ya gane, sai ya sunkuyar da kai ya sauka a tashar da ba tasa ba.

Muryar bayan fage ba haramun ba ce, kuma a labarin marubuci tana da hujja, tunda kalmomi ne sana'arsa. Sharaɗin shi ne kada ta faɗi abin da hoto ya riga ya faɗa. Tana da amfani idan ta saɓa wa hoton: muna jin wasiƙar da yake rubuta wa mawallafi yana cewa aiki yana tafiya yadda ake so, iskar garin ta karɓe shi, muna kuma ganinsa yana wanke rigarsa ɗaya tilo a wurin wanke hannu. Gwajin da nake sa ɗalibai su yi shi ne su soke duk muryar bayan fage da jan biro su sake karantawa. Idan labarin ya rushe, hotunan ba su yi aikinsu ba. Idan ya tsaya da ƙafarsa, sai a mayar da layukan da suke ƙarya ko suke ɓoye wani abu, a bar sauran a soke.

Saura 'yan garin. A irin wannan rubutu sau da yawa sukan zama kayan ɗaki, ko kuma a kawo wata mace wadda ba ta da aiki a duniya sai ta warkar da baƙo ta dawo masa da basirarsa, abin da ni dai ban taɓa yarda da shi ba a kowane rubutu. Ka ba mai gidan nan matsalarta wadda ta girme tasa, kuma wadda ba ta da alaƙa da shi. A ce ɗanta ya bar gida shekaru da suka wuce, shi ma zuwa wata ƙasa, kuma labarinsa ya yanke. Da ta fara ba tauraron labarin, da guntun harshe da hotuna da nuni da hannu, alƙalaminsa da ya kafe sai ya fara gudu, domin a ƙarshe ya sami abin rubutawa, kuma ba nasa ba ne. Yanzu yana da abin da yake nema a wurin wani, yana da abin ɓoyewa, yana da dalilin zama da ita a kicin wanda ita ta ɗauka ƙauna ce, kuma wani ɓangare nasa ƙaunar ce da gaske. Kowace tambaya da zai yi mata ta zama fitowa mai fuska biyu, kuma ba wanda zai sake ce maka babu abin da ke faruwa.

Daga nan sai ka buɗe ƙofar farko, kuma kada ka jira sai shafi na ƙarshe. Wajen kashi biyu cikin uku na labarin, ofishin ya buga hatimi, ƙanwar ta sayi tikitin ba tare da ta sake neman izininsa ba, babu sauran hukumar da zai ɗora wa laifi, littafin kuma yana tafiya a karo na farko, amma ba zai ƙaru ba sai yana kusa da matar da yake ɗebo shi daga bakinta. Ko zai hau jirgin ko ba zai hau ba, wannan naka ne, kuma duka biyun suna iya yin daidai idan ɗan kallo ya san abin da kowanne zai ci masa. Da ni ne, da na ajiye tikitin a kan tebur na tsawon fitowa uku ba tare da kowa ya ambace shi ba, ranar tafiya a rubuce a jikinsa yadda ɗan kallo zai iya karantawa, sannan in bar mai gidan ta zama ita ce za ta fara ɗaga shi, ranar da ta shigo sharar ɗakin ta tarar da shi a kan tarin shafuka. Ba ta iya karanta harshensa, amma ta san sunan ɗanta idan ta gan shi a rubuce, kuma yana nan a kusan kowane shafi.